Goge huɗu a Biyena da tambayar da ta ƙona min rai

Wani abokin aikina ɗan Ostiriya ne ya ja ni zauren kiɗa na Konzerthaus a nan Biyena mu saurari kiɗan Haydn, wani tsohon makaɗin ƙasarsu, muna fitowa sai ya ce min wai ku a can ganguna kawai kuke da su ko? Wallahi har na isa gida maganar nan tana cina.

Amma bari in faɗi abin da na gani tukuna. Mutum huɗu ne kan kujeru, babu mai waƙa babu ganga babu mai tsayawa gaba da sanda yana ba da umarni. Goge biyu ƙanana, ɗaya da ya ɗan fi su girma da kaurin murya, sai babban da ake girkewa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Da ido da numfashi suke ba juna alama. Zauren tsit, tari ma sai mutum ya danne shi har a kai ƙarshen sashe, kuma ba a yin tafi sai an gama sassa huɗu na kiɗan duka, balle wani ya tashi yin liƙi.

Kiɗan da Haydn ya rubuta a 1797 ne, wanda suke kira na Sarki. A sashe na biyu karin guda ɗaya ne, shi ne ma karin taken ƙasar Jamus a yau, amma sai ya riƙa zagayawa, wannan goge ya ɗauka sauran su yi masa ado, ya sauke wancan ya karɓa, har kowa ya samu rabonsa. Lokacin da babban nan ya karɓa sai da tsigar jikina ta tashi.

To ga inda abin ya dame ni. Haydn ɗin nan makaɗin fada ne fa! Tun 1761 yake yi wa gidan sarautar Esterházy aiki, kusan shekara 30, har da kayan barorin gidan yake sawa. Meye bambancinsa da Narambaɗa a wajen Sarkin Gobir na Isa? Shi Haydn an rubuta nasa a takarda, ya rasu tun 1809 amma yara na koyonsa a makaranta, gidan da ya zauna ma an mai da shi gidan tarihi. Na yarda, rubutun nan ya ba su abin da ba mu da shi, kuma natsuwarsu ta burge ni.

Sai dai mu ba kiɗa muka rasa ba. Mai goge ko kukuma da tsirkiya ɗaya tak yake sa kayan nan su yi magana, ba takarda a gabansa. Mutunta shi ne ba mu yi. Mu yi rawa da kiɗansa da daddare, gari ya waye mu ce maroƙi ne, ya zo neman auren 'yarmu mu ce a bincika asali. Ɗansa kuma ya ga haka ya ajiye gogen ya kama achaba, wa zai zarge shi? Ni kaina da na so nuna wa abokin nan nawa kiɗan gogen gida a YouTube, abin da na samu tsofaffin kaset ne da sauti duk ya dusashe, wasu ko sunan makaɗin babu a jiki.