Nasiha ga 'yan'uwana maza masu aiki tare da mata a Yamai

'Yan'uwana matasa, ku da kuka gama karatu, kuka sha yawon ajiye takardu har Allah Ya ba ku kujera a ma'aikatar gwamnati ko a kamfani, da ku nake magana. Duk lokacin da aka ta da zancen wariyar da ake nuna wa mata a wurin aiki, shugabanni muke ɗora wa laifi, alhali kuwa da yawa daga abin da ke ƙona ran abokiyar aikinmu daga bakinmu yake fitowa, mu da muke zaune da ita a biro ɗaya.

Mu fara da maganar da muka fi sakewa da ita: "Ai ita mijinta ke ciyar da ita." Da wannan hujja ake tsallake mace idan ƙarin girma ya zo, ko tafiyar aiki mai kuɗin guzuri zuwa Tahoua ko Maraɗi, a ba namiji don wai shi ke da iyali. To albashi ladan aikin da aka yi ne, kuma ban taɓa jin an rage wa namiji albashi don mahaifinsa attajiri ne ba. Balle ma wadda ake faɗa wa haka, wataƙila bazawara ce mai riƙe da marayu, ko ita ke aika wa iyayenta kuɗin hatsi ƙauye. Ko da mijinta ya fi kowa wadata, a Musulunci abin da mace ta samu da guminta nata ne. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta hana mai ba da aiki ya dubi jinsi wajen ɗaukar ma'aikaci, ko ƙarin girma, ko albashi, ko sallama, ta kuma wajabta biya daidai ga aiki mai daraja ɗaya.

Sai zancen ciki da goyo. Doka ta ba mace hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan ta sauka, ta kuma ba ta awa ɗaya a yini don shayarwa. Amma da zarar ta tafi sai mu fara gunaguni cewa an bar mana aiki, kamar shaƙatawa ta je yi, kuma wannan gunagunin ne ke ƙarfafa wa shugaba gwiwa ya ƙi sabunta mata kwantiragi. Mu ɗin nan ne kuma muke raba goron suna da fara'a idan matanmu suka haihu.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙazafi. Mace ta yi shekaru tana aiki tuƙuru, ranar da aka naɗa ta shugabar sashe, kafin a sauke shayi na biyu a fada an riga an ce, "An san yadda ta samu." Ku ji tsoron Allah. Aya ta 4 a Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu huɗu ba, mu kuwa muna yinsa da dariya, muna turawa a WhatsApp. Maganar ba ta tsayawa a fada, takan kai kunnen miji da surukai, sai ka ji an ce ta ajiye aiki da kanta. Abin mamaki, wanda kowa ya san yana matsa wa 'yan mata masu koyon aiki, yana kiransu bayan an tashi da alkawarin zai sa a ɗauke su, shi ba a zancensa sai da raha, duk da cewa dokar aiki da dokar hukunta laifuka sun haramta wannan ɗabi'a.

Kujerun da mata ke zaune a kai yau ba kyauta aka ba su ba. Ranar 13 ga Mayu 1991 iyayenmu mata suka yi tattaki a nan Yamai zuwa ofishin firaminista, saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa, kuma daga nan ranar ta zama ranar matan Nijar. Mai shakkar ƙwazonsu kuwa ya tuna da Salifou Fatimata Bazeye, wadda kotun tsarin mulki a ƙarƙashinta ta ƙi amincewa da shirin tazarce a 2009.

Idan abokiyar aikinka ta kai ƙara wurin sufeton aiki, zai fara neman sulhu, in abin ya faskara a wuce kotun ma'aikata, kuma a matakan biyu maganarta ba ta yin nauyi sai da hujja. Kai ne ka ga takardun albashin, kai ne ka ji abin da aka faɗa mata a taro, don haka idan ta nemi ka tsaya mata shaida, kada ka ce mata ba ka son shiga rigima.