Haƙƙi Kafin Tukwici: Nasiha a Kan Masu Yi Mana Hidima

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan uwa, duk wanda ya saba shiga Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya san wannan magana. Ka gama sayayya, ɗan dako ya ɗora dila a ka ko ya loda katan-katan a baro, ya kutsa cikin cunkoso yana neman hanya har bakin titi inda ka ajiye mota, ka tambaye shi nawa ne kuɗinsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, duk abin da ka bayar, Allah Ya sa albarka." A kan wannan magana nake son mu yi wa juna nasiha, domin na daɗe ina ganin yadda muka mayar da ita ƙofar tauye haƙƙin bayin Allah. Mutumin nan ya san farashin guminsa sarai. Kunya ce ta hana shi yanke kuɗi, ga kuma tsoron kada ya faɗa ka ga ya yi yawa, gobe ka kira wani. Ya danƙa maka wuƙa da nama ne saboda ya kyautata maka zato, kai kuwa sai ka laluba aljihu ka zaɓo takardar da ta fi kowace ƙanƙanta da tsufa, ka miƙa masa, ka tafi kana jin ka yi kyauta.

Abubuwa uku ne muka cakuɗa su wuri ɗaya, alhali kowanne da hukuncinsa. Akwai ladan aiki, wanda bashi ne a wuyanka daga lokacin da aka gama maka aikin, kuma malaman fiƙihu sun sharɗanta a san shi tun kafin a fara. In ba a ambata ba, sai a koma ga abin da aka saba biya a irin wannan aiki a wannan wuri, ba abin da zuciyar mai kaya ta raya masa ba. Akwai tukwici, wanda ƙari ne na godiya bayan an cika lada. Akwai kuma sadaka, wadda ake bai wa mabuƙaci ko da bai ɗaga maka tsinke ba. Wanda ya biya rabin lada ya kira shi kyauta ya yi laifi biyu, domin ya ci haƙƙi, sannan ya mayar da mai neman halaliyarsa maroƙi.

Tukwici kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, balle a ce daga Turawa muka koya. Mun tashi mun ga iyayenmu mata ba sa mayar da kwano haka nan idan maƙwabciya ta aiko yaro da abinci a watan azumi. Sai an saka wani abu a ciki, ko an danƙa wa ɗan aiken a hannu. Masu kawo lefe ana ba su tukwici. Wanda ya zo da labarin haihuwa ya ce "albishirinka", amsarsa "goro". Mai awo a kasuwar Rimi, idan ya gama aunawa, yakan ƙara maka gyara ba tare da ka roƙa ba. Duk wannan tarbiyya ce da ke cewa wanda ya taka ƙafarsa dominka ba a sallamarsa hannu rabbana. A Amurka al'adar ta ɗauki wata siffa dabam, domin wanda ya ci abinci a gidan abinci ana sa ran ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin abincin, kuma dokar tarayyarsu ta yarda mai gidan abinci ya biya irin waɗannan ma'aikata dala 2.13 kacal a awa ɗaya, adadin da bai motsa ba tun 1991, bisa zaton tukwicin masu cin abinci ne zai cike sauran. A Japan kuma ba a san al'adar ba, har ma'aikaci yakan ƙi karɓa. Ban kawo wannan don mu kwaikwayi kowa ba. Na kawo shi ne don mu ga abin da ke faruwa idan aka bar tukwici ya maye gurbin albashi: cin ma'aikaci da shansa su koma rataye da farin cikin baƙon da ya shigo. Shari'armu ta ɗora lada a kan wanda ya sa aiki, kuma ba ta yarda ya sauke shi a kan wani ba.

Ibn Majah ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a bai wa ɗan ƙwadago ladansa tun kafin guminsa ya bushe. Mu da muke Kano mun san minti nawa gumi yake yi a jiki a watan Afrilu kafin ya bushe. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne hadisin ƙudsi da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, inda Allah Maɗaukaki Ya ce mutum uku Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, na ukunsu kuwa shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cikakke, sannan ya hana shi ladansa. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan, ɗan uwa. Leburan da ya kwaɓa maka siminti a Rijiyar Zaki ba shi da lauya, bai san hanyar kotu ba, wataƙila ko lambar wayarka ba shi da ita, kuma saboda haka ne ka raina ƙararsa. To, Wanda zai tsaya masa a ranar nan ba a ɗage Masa zama, ba a kuma ɓatar Masa da takarda.

Hana lada a zamaninmu ba kasafai yake zuwa da "ba zan biya ba" ƙarara ba. Yana zuwa ne da "ka dawo gobe", da "Alhaji ya yi tafiya", da "babu canji", kuma tun ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 muka sami sabon uzuri, wato "na tura bai shiga ba". Mai wanki da guga ya kawo kaya a ninke, a karɓa a rufe ƙofa. Ɗan garuwa ya turo kura mai jarkoki cike tun daga bakin rijiyar burtsatse, ya juye a randa, a ce masa sai ƙarshen mako. Wannan mutum abin da ya samu yau shi ne cefanen gidansa na yau, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da na kwanon masara suka koma. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin biya daga mai hali zalunci ne. A 2024 doka ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000, kuma na sani ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma ya kamata kowane maigida da kowace uwargida su ɗora abin da suke bai wa maigadi ko 'yar aiki a kan wannan adadi, su tambayi kansu ko za su iya rayuwa da shi mako guda. Ga kuma yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, wadda kuɗin aikinta ke bi ta hannun wadda ta kawo ta, ba ta taɓa riƙe ko sisi daga ciki ba. Tsohon zanen da kika ba ta da salla ba zai share wannan ba, Hajiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda muke sakin hannu da inda muke matse shi. Mutum ɗaya ne zai tsaya a wurin biki yana liƙi har takardun kuɗi su rufe ƙasa ana tattakawa, saboda ana kiran sunansa a lasifika, washegari kuma ya tsaya a 'Yan Kaba yana jayayya da yaro mai baro a kan naira ɗari har jijiyar wuyansa ta tashi. Wannan ba tattali ba ne, domin mai tattali a ko'ina yake yi. Allah Ya buɗe Suratul Muɗaffifina da tsawatarwa ga waɗanda idan za su karɓa daga mutane suke cika mudu, idan kuma su za su aunar sai su tauye, kuma wanda yake son a yi masa aiki cikakke ya biya rabi bai yi nisa da wannan siffa ba.

Idan an cika lada, sai a zo maganar ƙari, kuma ƙarin yana da tushe a Sunna. Suwaid ɗan Ƙais ya ba da labarin cewa Manzon Allah ya sayi wando a wurinsu, sai ya ce wa mai auna kuɗin ya auna kuma ya rinjayar. A hadisin Abu Dawud ya ce wanda ya yi muku alheri ku saka masa, in ba ku sami abin sakawa ba ku yi ta yi masa addu'a har ku ga kun saka. Saboda haka wanda ba shi da abin ƙarawa bai yi laifi ba, matuƙar ya biya haƙƙi ya kuma yi godiya da bakinsa. Wanda yake da shi kuwa, ya bar wa mai Adaidaita Sahu canjin da ya rage idan ya jira shi a bakin asibiti, ya ƙara wa mai faci da ya durƙusa a rana, ya tuna da mai shara da goron salla.

Sai dai yadda ake miƙawa ya fi abin da aka miƙa nauyi. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 263, magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke biye da ita, a aya ta gaba kuma Ya hana mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. In haka ne hukuncin sadaka, ina ga abin da aka bai wa wanda ya yi aiki? Amma za ka ga an zuge gilashin mota kaɗan an cilla kuɗi ƙasa, ko an miƙa da hannun hagu ana waya, ko an ɗauki bidiyon dattijo yana godiya an watsa a Facebook. Za ka ji matashi yana kiran mai furfura, sa'an mahaifinsa, "kai mai baro", alhali "Baba" ko "Malam" ba za su rage masa komai ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma, ya ce Annabi bai taɓa ce masa "uf" ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Abu Zarr ya taɓa goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi, sannan ya ce masu yi muku hidima 'yan uwanku ne, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora kuwa ku taya su. Daga baya an ga Abu Zarr a garin Rabaza sanye da tufafi iri ɗaya da na yaronsa. Har a kan abinci Annabi ya yi umarni cewa idan mai hidima ya kawo maka, in ba ka zaunar da shi kun ci tare ba, ka ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafin wutar. Gidaje nawa ne a cikin birnin nan ake dafa wa masu gida tukunya dabam, mai girkin kuma ta jira ƙanzo?

Ku ma 'yan uwana masu hidima, akwai naku. Tukwici ba dole ba ne, kuma ɓata rai ko sassauta aiki ga wanda bai saba bayarwa ba cin amana ne. Wanda kuwa yake karɓar albashi a ofis ko a asibiti, ya danne takardar talaka ko ya ƙyale mara lafiya har sai an ba shi "na goro", ya sani sunan da ya sauya bai sauya hukunci ba. Lokacin da Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi ya aika, ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar.

Saura wanda zai ce akwai tsohon haƙƙi a kansa, mai shi kuma ya ɓace masa. A hadisin mutum uku da dutse ya rufe wa bakin kogo, ɗayansu ya yi tawassuli ne da ladan wani ɗan ƙwadago da ya tafi ya bari, shi kuma ya juya shi har ya zama garken dabbobi, da mutumin ya dawo ya kora masa su duka bai rage ko ɗaya ba. Malamai sun ce a nemi mai haƙƙi, in ya rasu a nemi magadansa, in an yi iya ƙoƙari ba a same su ba a yi sadaka da niyyar ladan ya je gare shi. Ni kaina wannan ya same ni. Wani dattijo ya ɗaukar mini kaya a Kwari, babu ƙananan kuɗi a jikina, na ce masa ya jira in samo canji, aka kira ni a waya da wani labari mai tayar da hankali, na shiga mota na tafi. Sai da dare na tuna da shi, kuma ban yi barcin kirki ba. Sau uku ina komawa layin da na same shi ina kwatanta kamanninsa, a na ukun abokan aikinsa suka gane shi, suka ce ya koma garinsu noma tunda damina ta sauka. Aka haɗa ni da wani ɗan garinsu da zai tafi gida ranar Juma'a, na ba shi kuɗin da abin da na iya ƙarawa a gaban mutum biyu, na roƙe shi ya gaya wa Baba cewa mantuwa ce, kuma ina neman ya yafe mini tsayuwar da ya yi a rana yana jirana.