Ranar da shaddata ta tafi Juma'a ba da ni ba

A gidanmu nan Katsina, da an gama cin tuwon dare sai a kashe talabijin, kowa ya ɗauko Littafi Mai Tsarki. Gado na yi. Marigayi mahaifina mutumin ƙauyukan Malumfashi ne, kuma da tsohuwar fassarar nan ta 1932 ya koyi karatu. Shi tsarinsa mai sauƙi ne: ya karanta a gaban fitilar ƙwai, mu ce amin, kowa ya nemi tabarmarsa. Ni ne da na yi boko na ce a'a, yaran zamani sai da bayani, sai da misali, sai an tambaye su me suka koya.

Ana saura 'yan makonni Kirsimeti, hunturu ya kankama, muka iso Luka sura 3, inda Yahaya Maibaftisma yake wa'azi a bakin Kogin Urdun. Jama'a suka tambaye shi abin da za su yi, a aya ta 11 ya ce mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ko ɗaya. Daren nan wa'azi ya zo mani. Na miƙe tsaye a tsakar ɗaki, har da nuna yatsa. Na jawo Habila da Kayinu, na ce Allah ba ya son kyautar abin da mutum ya gaji da shi, mafi kyau ake bayarwa. Na ɗora da Matiyu 6:3, cewa in za ka yi kyauta kada hagunka ya san abin da damanka ke yi. Manyan yaran biyu suna gyangyaɗi. Uwargida tana rufe hamma da gefen mayafi. Auta kaɗai, 'yar shekara 7, ta zuba mani ido ko ƙiftawa ba ta yi. Na ce a raina, wannan ita ta gado ni.

To, a durowa akwai babbar rigata sabuwa fil, shadda ruwan toka mai aiki a wuya da aljihu. An sa ni karatun Littafi a sujadar Kirsimeti, kuma na ƙudurta sai sauran dattawan majami'a sun san an zo. Rabin kuɗin ɗinki na biya, sauran tela ya ce sai an yi albashi.

Wata safiya na buɗe durowa don in ƙara kallonta, don na saba leƙa ta. Wando na nan, 'yar ciki na nan, uwar tafiyar babu. Na birkita ɗaki. Na zargi mai wanki, wanda ko ganinta bai taɓa yi ba. Na zargi ƙanin uwargida da ya zo daga Funtua ya kwana. Daga nan na jera yara a tsakar gida. Babban ya ce bai gani ba. Mai bi masa ya ce shi bai ma san da ita ba. Da na zo kan Auta sai ta ce, "Baba, ai hagu ba ya sani."

Na ce, "Tafi can ki ba ni wuri, ana maganar riga kina shirme."

Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Baban yara, a dai tuna da Afisawa 6:4, kada a tsokani yara su yi fushi." Na ce mata ba ranar ɓatan shadda aka rubuta ayar ba.

Ran Juma'a muka tashi daga makaranta da wuri, na biyo ta wajen Ƙofar Soro. Jama'a sun cika hanya za su masallaci, dole na sauka ina tura mashin. Sai na hango rigata. Ba mai kama da ita ba, ita ɗin ce, don ga ɗan karkacewar aikin aljihun nan da muka yi cacar baki da tela a kansa. Tana tafiya a gabana tana share ƙasa, domin wanda ke ciki bai kai kafaɗata ba. Na jingine mashin na bi ta da sassarfa. Har "ɓa..." ta iso bakina. Duk wanda ya san abin da ihun ɓarawo ke haifarwa a irin wannan taro zai taya ni gode wa Allah da ya riƙe mani harshe, don kafin in ƙarasa mutumin ya waiwayo.

Ɗan garuwarmu ne. Dattijon nan mutumin Maraɗi da ke turo kurar jarkoki layinmu tun asuba, cikin wata yagaggiyar taguwa, sanyi na kaɗa shi.

Ya kama hannuna da hannu biyu. "Maigida! Allah ya saka maka da alheri! 'Yar autarka ta kawo mani a leda, ta ce umarninka ne." Kafin in buɗe baki ya juya ga jama'a. "Ga bawan Allahn da nake ba ku labari! Kirista ne, malamin makaranta!"

Nan take aka kewaye ni. Wannan ya ce Allah ya ƙara buɗi, wancan ya ce Allah ya raya zuri'a. Maƙwabcina Alhaji, da dardumarsa a kafaɗa, ya girgiza kai ya ce, "Malam, ashe haka kake, ba ka taɓa nunawa ba?" Na ce, "Ba komai, Alhaji, yi wa kai ne." Muryata na rawa, suka ɗauka tausayi ne. Da hannuna na naɗe masa hannun rigar bisa kafaɗa don kada ta ƙara shan ƙasa. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne ta karɓe shi.

A gida na kafa kotu. Auta ta tsaya, hannu a baya.

"Wa ya ce ki ɗauki rigata?"

"Kai ka ce mai biyu ya bayar. Na ƙirga naka, sun wuce biyu."

"To don me ba ki ɗauki tsohuwar ba?"

"Baba, so kake ka zama Kayinu?"

"Da sai ki gaya mani!"

Ba ta ce komai ba, ta ɗaga hannunta na hagu. Uwargida ta dafa ƙofa tana dariya har da hawaye. Na lalubi ayar da za ta cece ni, wadda ta zo kusa ita ce ta yi wa iyaye biyayya, ita kuwa Auta biyayyar ta yi tsantsarta. Mu manya mun ƙware, in aya ta nufo aljihunmu sai mu ce a duba mahallinta tukuna. Yarinyar ba ta kai ajin nan ba.

Labari bai kwana ba. Ran Lahadi Fasto ya nuna ni daga kan bagade, ya ce a dubi dattijo cikin tsohuwar riga, a yi koyi. 'Yan Zumuntar Mata suka rangaɗa guɗa. Na sunkuyar da kai, aka ce tawali'u ne, alhali lissafin cikon kuɗin tela nake yi. Shi kuwa telan ya zo ran Litinin, bai rage ko sisi ba.

Daga nan na mai da sujadar dare kan ƙarshen surar, aya 23 zuwa 38, jerin sunayen kakannin Yesu har zuwa Adamu. Wane ɗan wane, wane ɗan wane. Duk cikinsu babu mai cewa a ba da komai. Uwargida kuwa kullum sai ta tambaye ni ko in ara rigar biki wurin ɗan garuwa.

Ran jajibere ta wasa wuƙa, ta ɗora ruwan zafi, ta nufi akurki inda take kiwon zakarunta biyu tun damina. Ina zaune ina goge takalmi na ji ta ƙwala kira, "Auta!"

Yarinya ta fito riƙe da Littafinta, yatsa a kan shafi. "Mama, aya ta 11 ba ta ƙare a riga ba. Ya ce mai abinci ma ya yi haka. Baba ne bai karanta duka ba."

Na tambaya a hankali, "Wanne kika bayar?"

"Babban."

Na ajiye takalmi, na gyara murya. "Maman yara, a dai tuna da Afisawa 6:4."

Ta juyo da ludayi a hannu. "Je ka sake karantawa. Da ubanni ake magana."