Ranar da Na Riga Magana Isowa

Tun da na cika shekara 68 uwargida take ƙorafin cewa sai ta maimaita magana sau uku kafin in amsa, ni kuwa a ganina ita ce ta koma magana ƙasa-ƙasa. Da abin ya ishe ta, ta sa babban ɗanmu ya ɗauke ni daga Unguwar Rogo zuwa wani asibiti a nan Jos, inda aka ce tsufa ya fara cinye siraran sautuka a kunnena, shi ya sa "sata" da "fata" suka zame mini Hassan da Husaini.

Aka ɗora ni a kan horon sauraro na mako 6, kullum ina tsintar kalmomi daga cikin wata hayaniya mai kama da ta kasuwar Terminus. Ma'aikaciyar ta bayyana mini cewa ba amsa daidai kaɗai suke dubawa ba, har da tazarar da ke tsakanin fitowar kalma da danna maɓalli, domin dattijo yana iya gane kalmar amma sai ƙwaƙwalwarsa ta sha wahala, kuma idan horon ya yi amfani wannan jinkirin yakan ragu.

Ni da na shekara 35 ina ba ɗalibai maki, ban ga dalilin da zan faɗi jarrabawa a gaban sa'ar jikata ba. Ranar gwajin ƙarshe na ɗora yatsa a kan maɓalli, na rufe ido, na daina sauraro gaba ɗaya, ina ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci ina dannawa.

Ta daɗe tana kallon kwamfuta kafin ta ce, "Baba, ko a tseren mita 100, wanda ya motsa kafin kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa bayan ƙarar bindiga, satar tashi ya yi. Ku kuwa sau 9 kuka amsa tun ba a yi maganar ba."

Na ce sanyin Jos ne yake sa yatsana rawa, alhali a watan Afrilu muke, fanka tana juyawa a kaina.

Uwargida ta gyara mayafi ta ce, "'Yata, rubuta masa yadda yake. A gida ma kafin in buɗe baki in ce kuɗin cefane, Malam ya riga ya ce babu."