Wa ya taɓa fayil ɗin nan?

Fayil guda muke da shi a ofishinmu nan Damagaram, mai tantance lambar IP (adireshin na'ura a intanet) da sunan na'ura kafin a fara saiti. Duk rubutunmu na shell, wato manhajar da ke karɓar umarni a kwamfuta, daga shi suke ɗiba, kamar rijiyar unguwa.

Sai wani gwani ya cire return 1 mai tsayar da fayil ɗin kaɗai in an yi kuskure, ya sa exit 1 mai rufe shell ɗin dungurungum, bai gaya wa kowa ba. Jiya na jawo fayil ɗin da umarnin source, mai gudanar da shi cikin shell ɗin da nake aiki, ta SSH (hanyar shiga wata na'ura daga nesa), na kuskure lamba ɗaya, tagar ta rufe gaba ɗaya, saiti ya tsaya rabi. Ga zafi, ga intanet na rarrafe! Har dabarun shell ɗin bash ya cusa, alhali sh na tsarin Debian dash ne, wani shell daban da bai san su ba.

Na tambaye shi, wai "ai a kwamfutata yana aiki." Haba malam!