Littafin bashin Baba

Yau shekara 3 cif da rasuwar Baba. Tun jiya na ɗauko hotonsa da niyyar in ɗora a nan kamar yadda na yi bara da bara waccan, in rubuta "Allah ya jiƙanka" a ƙasa, jama'a su zo su ce amin. Duk wanda ya taɓa cewa amin a ƙarƙashin hoton nan ina gode masa, Allah ya saka da alheri, domin addu'a ga mamaci ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma bana hannuna ya yi nauyi. Mutumin da ke cikin hoton bai taɓa son a yabe shi ba, kuma akwai maganar da ta daɗe tana cin raina da nake so in amayar.

Baba tela ne. Ya fi shekara 40 a kan keken ɗinki, sai da idonsa ya daina ganin kafar allura sannan ya haƙura. Ba malami ba ne. Ya sauke Alƙur'ani yana yaro, ya karanta abin da zai gyara sallarsa da azuminsa, iyakar karatunsa ke nan. Ban taɓa jin ya zaunar da mu ya yi mana wa'azi ba. In ka yi laifi sai ya ɗago kai ya ce, "Haka ka ga ana yi?" ya mayar da ido kan ɗinkinsa, kai kuwa ka wuni jikinka a sanyaye.

Abin da ya fi ɗaure min kai da shi ina yaro shi ne ragowar yadi. Duk wanda ya kawo ɗinki, in an gama, Baba zai naɗe ƙyallen da ya rage, ko bai wuce tafin hannu ba, ya cusa a aljihun rigar. Wata rana na ga wani shuɗin ƙyalle ya ba ni sha'awa, na roƙe shi. Ya ce ba nasa ba ne, in jira mai shi ya zo in tambaya da bakina. Kwana biyu ina zaman jira. Da mutumin ya zo ya yi dariya ya ce in ɗauka mana. Na daɗe ina ganin tsanani ne kawai irin na tsofaffi.

Bayan jana'iza da 'yan kwanaki Umma ta tara mu, ta buɗe aljihun keken ta ciro wani tsohon littafi mai baƙin bango. Ta gaba ya rubuta waɗanda ke binsa bashi, ta baya waɗanda yake bi. Na gaban duk ya ja musu layi, kowanne da ranar da ya biya, saura suna biyu kacal. Na bayan kuwa sun cika shafi bayan shafi, kuma a gefen mafi yawansu akwai kalma biyu da rubutunsa mai karkata: "Na yafe." Wasu ya yafe su tun shekaru goma da suka wuce, masu bashin ma ba su sani ba. Ɗaya daga cikinsu ya zo mana da kuɗi a hannu yana ba da haƙurin jinkiri. Yayana ya buɗe shafin ya nuna masa sunansa. Bawan Allah ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro, mu ma muka taya shi.

Ranar na gane ƙyallen nan da littafin nan abu ɗaya ne. Mutum ne da ya yarda har cikin ɓargonsa cewa za a tsayar da shi a tambaye shi, shi ya sa ba ya son zuwa da zaren kowa a wuyansa.

Kafin mu ce uffan a kan gado sai da muka biya sunayen nan biyu. Umma ce ta tsaya kai da fata, kuma gaskiyarta. A Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, inda Allah da kansa ya raba gado, sau 4 aka maimaita cewa rabon sai bayan wasiyya ko bashi. Manzon Allah (SAW) ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Ni dai duk lokacin da aka zo wannan magana Jabir ɗan Abdullahi nake tunawa. Daren da za a fita yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, mahaifinsa ya kira shi ya ce yana jin yana cikin waɗanda za a fara kashewa. Abin da ya bar masa wasiyya biyu ne: ya biya bashin da ke kansa, ya kyautata wa 'yan'uwansa mata. Haka kuwa aka yi, ya yi shahada. Jabir yana saurayi ya ɗauki nauyin nan. Da ya tashi aure bai nemi budurwa ba, ya auri bazawara, ya ce yana son wadda za ta iya kula da ƙannensa. Masu bashi suka matsa, dabinon gonar kuma bai isa ba, sai da Annabi ya zo ya zagaya tarin dabinon ya yi addu'a, aka auna wa kowa haƙƙinsa har da saura. Ku dubi yadda Jabir ya girmama ubansa: har matar da zai aura sai da ya zaɓa da wasiyyar uban a ransa.

To, ga abin da ke cin raina. Na ga gidaje da idona, inda duk shekara 'ya'ya ke cika Facebook da yabon mahaifinsu, gwarzo, bango abin jingina, alhali su da kansu ba sa ga maciji da juna saboda fili. Wanda ke bin marigayin bashi ya zo, a ce masa ya kawo shaida, bayan kowa a gidan ya san gaskiya ne. Gwaggo, ƙanwar uban da yake ɗawainiya da ita, tun ranar da aka watse daga zaman makoki ba wanda ya sake leƙa ta. Ban faɗi wannan don in ci mutuncin kowa ba, kuma na san son da suke wa iyayensu na gaske ne. Amma wane uba ne zai ji daɗin yabon da aka rubuta da hannun da ya ƙi gaisawa da ɗan'uwa? Hadisin da duk muka haddace, cewa in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a, muna saurin tsallake kalma ɗaya a cikinsa. Nagari aka ce. Ashe gyaran halinmu ma yana cikin haƙƙinsu a kanmu.

Ni ma ban tsira ba, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo. Baba yana da amini, tare suka taso, muna kiransa Baffa. Bayan rasuwar sai da na yi kusan shekara biyu ban taka ƙofar gidansa ba. Ina ce wa kaina aiki ne ya yi yawa. Gaskiyar ita ce ina tsoron ganinsa, don muryarsa da zamansa duk Baba suke tuna min. Rannan a wajen karatu malam ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, da ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa, ya cire rawaninsa ya ba shi. Abokan tafiya suka ce ai mutanen ƙauye ne, kaɗan ma ya ishe su. Abdullahi ya ce uban baƙauyen nan masoyin mahaifinsa Umar ne, kuma ya ji Annabi yana cewa mafificin biyayya shi ne ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Ɗan abokin uba ke nan fa, ba abokin da kansa ba. Na fita daga masallacin ban iya haɗa ido da kowa ba.

Washegari na je. Na tarar da shi ya rame, gani ya ragu. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta cewa, "Ɗana, kai ne? Kai ne?" Bai yi min ƙorafi ko ɗaya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Muna cikin hira ya gaya min abin da ban taɓa sani ba. Fiye da shekara 30, kullum kafin kiran assalatu Baba yakan biyo ta gidansa ya ƙwanƙwasa taga sau biyu, su wuce masallaci tare. Da ruwa, da sanyi, da rashin lafiya in dai zai iya tashi. Mu muna barci, mun dai san yana fita. Baffa ya ce, "Tun da ya tafi ba wanda ya sake buga tagar nan. Wani lokacin sai in farka in yi ta saurare."

Na tuna ayar Suratul Kahfi, ta 82, inda aka gyara bangon marayu biyu don a tsare musu dukiyarsu, dalilin da aka bayar kuwa shi ne ubansu mutumin kirki ne. Sau nawa ƙofa ta buɗe min a rayuwa na ɗauka wayona ne? Sau nawa wani ya ji sunan mahaifina fuskarsa ta sake? Ina cin albarkacin tafiyar asubar da ban ma san ana yi ba.

Har yau ina kuka, ba na kuma jin kunya. Wanda ya fi kowa haƙuri ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Addu'ar nan ta Suratul Isra'i, ya Ubangiji ka jiƙansu kamar yadda suka rene ni ina ƙarami, da a baki kawai nake yin ta. Yanzu in na zo kan "ina ƙarami" sai in ga yaro a tsaye gefen keken ɗinki yana jiran mai shuɗin ƙyalle.

Gidana da na Baffa akwai nisa, ba zan iya zuwa taga kullum ba. Sai muka yi shiri da shi: kafin assalatu in kira wayarsa, ta yi ƙara sau biyu, ya katse, in san ya tashi. Wata goma sha ɗaya ke nan muna haka, ba ya ɗauka. Yau da asuba ya ɗauka. Ya ce, "Yau ne ko?" Na ce, "Yau ne, Baffa." Muka yi shiru, ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Allah ya kai haske kabarinsa. Tashi ka yi alwala, kar ka rasa sahun farko."