Ba Rashin Ƙwaƙwalwa Ne Ke Kayar da Ɗan Makarantar Gwamnati Ba

Mutane da yawa a Kano sun ɗauka cewa idan yaro ya faɗi jarabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare a makarantar gwamnati, to daƙiƙi ne, ko kuma ɗan talaka ba ya ɗaukar karatu. Wannan kuskure ne, kuma yana cutar da yara.

Ku leƙa ajin tukuna. Yara sun cika maƙil, wasu a kan tabarma, littafi ɗaya a hannun mutum uku. Malami ɗaya ba zai iya duba rubutun kowa ba. Ga yarinyar da ta yi tallar ƙosai kafin ta iso, ga yaron da za a tashi ya wuce Kantin Kwari wajen maigidansa.

Babbar matsalar ma tun daga firamare take. Yaro ya taso da Hausa, bai gama iya karatu ba, sai ya tarar da lissafi da kimiyya duk cikin Turanci. Amma shi ne ke haddace izu-izu a Islamiyya.

Kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka kafa a 1977, na gwamnati ne, kuma 'ya'yan talakawa da dama sun bi ta cikinsu sun zama likitoci da injiniyoyi.